Lambar Yabon Masu Ceto a Teku: Wa Ke Samun Zinariya?

Da jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilun 1912, jirgin Carpathia ne ya kwana yana ratsa ƙanƙara har ya tsamo mutum sama da 700. Waɗanda suka tsira suka haɗa kuɗi aka ƙera wa ma'aikatansa lambobin yabo. Kyaftin Arthur Rostron da manyan jami'ansa suka karɓi zinariya, masu biye musu azurfa, sauran tagulla. A cikin 'yan tagullar nan akwai masu zuba kwal a tukunyar injin, waɗanda da guminsu jirgin ya yi gudun da ya wuce na al'adarsa. Da muƙami aka yi rabon, ba da wahalar da kowa ya sha ba.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a al'adar ba masu ceto lambar yabo. Ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya, RNLI, wadda aka kafa a 1824, ta fi ƙoƙarin auna haɗarin da mutum ya shiga. Ita ce ta ba Grace Darling azurfa a 1838, bayan ta shiga kwalekwale da mahaifinta cikin guguwa, aka ceto mutum 9 daga jirgin Forfarshire. Duk da haka, da jirgin ceto na Penlee ya halaka a Disambar 1981 da mutanensa 8, shugabansu Trevelyan Richards aka ba zinariya, sauran 7 tagulla. Akwai hujja, domin shi ne ya riƙe akalar jirgin, kuma shawara a wuyansa take. Amma igiyar ruwa ɗaya ta ci su, kuma kowannensu da ƙafarsa ya fito daga gida a daren.

Ba raina lambar nake yi ba. Albarkacinta aka rubuta sunayen masunta da talakawan bakin teku da tarihi ba zai waiwaya ba. Abin da ke damuna shi ne, ba jarumtar mai ceto kaɗai ake aunawa ba, har da darajar wanda aka ceto a idon masu iko.

Bahar Rum ta fito da wannan fili. A 2019 kyaftin Carola Rackete ta shiga tashar Lampedusa da baƙin haure 40 a jirgin Sea-Watch 3, hukumomin Italiya suka kama ta, kafin alƙali ya sake ta. A shekarar ce birnin Paris ya yi mata tayin lambar yabo tare da kyaftin Pia Klemp, amma Klemp ta ƙi karɓa, tana zargin hukumomin birnin da muzguna wa baƙin da ke kwana a titunansa. Irin waɗanda suke tsamowa, da yawansu ta Agadez suka bi, suka ƙetare Sahara zuwa Libiya. Aikin da ya jawo wa Rostron zinariya daga Majalisar Amurka, shi ne ya kai Rackete gaban alƙali.