Jiki Kafin Allo: Sharhi a kan Hanyar Dalcroze ta Koyar da Karin Kiɗa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna hanyar koyar da karin kiɗa ta motsa jiki, wadda Emile Jaques-Dalcroze (1865–1950) ya assasa, domin a ga abin da ya kamata kwalejojin horon malamai su ɗauka daga cikinta da wanda ya kamata su bari. Abin da muke nufi da karin kiɗa shi ne yadda bugu yake jeruwa cikin lokaci, wani dogo, wani gajere, wani mai ƙarfi, wani mai rauni.

Asalin Hanyar

A shekarar 1892 aka naɗa Dalcroze malami a makarantar kiɗa ta Janiba, a ƙasar Siwizalan. Nan ya lura cewa ɗalibansa sun iya karanta alamomin kiɗa a takarda, amma kari bai zauna musu a kunne ko a jiki ba. Saboda haka ya tashe su daga kan kujeru: shi yana kaɗa fiyano, su suna taka ƙasa daidai da bugun, hannuwansu kuma suna auna lokaci. In ya sauya kari, sai su sauya taku nan take. A 1915 ya buɗe cibiyarsa a Janiba.

Sharhi

Mun yarda da tushen wannan hanya, wato jiki ya riga allo. Ɗalibin da aka fara masa da zane a allo haddar sunaye kawai yake yi, ranar da aka miƙa masa ganga sai ya ruɗe. Sai dai muna da ƙorafi guda biyu.

Na farko, darasin ya rataya ne a wuyan malami da fiyanonsa. Makarantun firamaren da ɗalibanmu za su koyar a cikinsu ba su da wannan kayan kiɗa, ga shi kuma kari daga wuri ɗaya yake fitowa, yara bi kawai suke yi. A ƙasar Hausa kuwa rarraba shi ake yi tsakanin jama'a. Alal misali, a lugude mata biyu ko uku suna daka a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba ta ɓata jeri ba. Haka nan a gaɗa, yarinyar da ta faɗa baya ta san masu tafi za su tare ta a daidai bugun. Wadda ta kuskure lokaci nan take za a gane.

Na biyu, hanyar ba a gina ta a kan harshe irin namu ba. Waƙar Bahaushe tana tafiya ne da nauyin gaɓa, kalangu kuma yana bin hawa da saukar murya. Darasin da ya raba taku da kalma ya zubar da rabin abin da yaro ya zo da shi daga gida.

Amma kada mu ce dandali ya wadatar. Yarinyar da ta gwanance a gaɗa ba lallai ta iya faɗin bugu nawa ke cikin tafinta ba. A nan Dalcroze ya yi mana fintinkau, domin shi yana kai ɗalibi daga yi zuwa ganewa, sannan zuwa rubutawa.

Kammalawa

Shawararmu ita ce malami ya fara da tafi da taku da amshin da yara suka sani, ya raba su rukuni biyu suna karɓeɓeniya, sannan ya sa su ƙirga, daga ƙarshe ya je allo. Ya kuma kula da cewa iyaye da yawa ba za su amince da rawa a aji ba. Tafi da taku sun isa wannan aiki, kuma da su za a iya riƙe yardar iyaye, wadda in babu ita darasin kiɗa ba zai daɗe a jadawali ba.