ʼYankwashi ko Yankwashi? Harafin da burauza ke yarwa

Mai karatu, buɗe shafin labaran Hausa a kwamfutarka, ka nemi inda aka rubuta sunan ʼYankwashi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure. Danna kalmar sau biyu da linzami, ka kwafa, ka liƙa a wani wuri. A yawancin shafuka, abin da zai fito shi ne "Yankwashi". Ɗan waƙafin nan na sama an baro shi a baya.

Kada ka ce ai ɗan ɗigo ne kawai. A Hausa ʼy baƙi ne mai zaman kansa. Cire masa waƙafin, sai "ʼyar" ta "ʼyar Roni" ta koma "yar" ta "yar da shara". Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke kwafo hujja don aikin bincikensa, kuskure yake kwasowa bai sani ba, kuma shi malami zai ci gyara.

To, me ke jawo haka? Burauza irin su Chrome ba sa jin Hausa. Suna bin ƙaʼidar Unicode ce wajen gane farkon kalma da ƙarshenta. A wannan ƙaʼida, waƙafin da ke kan kibod (U+0027) da lanƙwasasshen da Microsoft Word ke mayar da shi (U+2019) alamomin rubutu ne, ba haruffa ba. Idan suka faɗo tsakanin haruffa biyu, kamar a "sanaʼa", ana ɗaukar kalmar ɗungurungum. Idan kuwa a farkon kalma suke, sai a ɗauka alamar buɗe zance ce, a tsallake.

Nan ne sukarmu take, kuma ba kan burauza kaɗai ba. Unicode na da wata alama, U+02BC, mai kama da waƙafin sak, amma a matsayin harafi aka yi mata rajista. Da ita aka rubuta wannan maƙala: danna ʼYankwashi na nan sau biyu ka ga bambanci. Ita da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990. Amma har yau editoci da masu gina shafukanmu da dama ba su damu ba. Wasu ma ko ƙugiya ba sa sawa, sai "baƙi" ya zama "baki". Wasu takardun PDF kuma da tsofaffin salon haruffa aka buga su, inda aka zana ƙ a gurbin wata alama dabam. Ido na ganin daidai, amma da ka kwafa sai shirme.

Gaskiya gyaran na da nasa tsada. Wanda ya nemi kalma da tsohon waƙafi ba lallai ya samo wadda aka rubuta da sabon ba. A Nijar ƴ suke rubutawa, harafi guda, don haka wannan matsalar ba ta shafe su ba. Mu a Najeriya sai mun tsayar da alama ɗaya, gidajen jarida da makarantu su bi.

Kafin nan, idan za ka kwafi Hausa, ja linzamin da hannunka tun daga gaban waƙafin, sannan ka karanta abin da ka liƙa kafin ka tura.