Amshi Ba Jagora: Gajeren Bidiyo da Haƙƙin Mawaƙi a Ƙasar Ƙonni

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda manhajojin gajeren bidiyo, irin su TikTok, suka shafi waƙar Hausa ta fuska biyu, wato ginin waƙar kanta da kuma abin da ke shiga aljihun mai ita. Mun ɗauki Bazaga da kewayenta, cikin gundumar Birnin Ƙonni ta jihar Tawa, a matsayin wurin da za mu tsaya mu hangi al'amarin. Dalili kuwa shi ne yankin yana bakin iyaka: Ƙonni na kallon Illela ta jihar Sakkwato, sefa da naira duk suna yawo a kasuwanninsa, kuma waƙar da aka buga a Kano ba ta kwana biyu ba ta iso wayoyin samarinsa ba. Ra'ayinmu shi ne gajeren bidiyo ya faɗaɗa sunan mawaƙi fiye da yadda rediyo da kaset suka yi, amma ya raba waƙa da mai ita ta hanyar da ba a taɓa gani ba, kuma wanda abin ya fi cuta shi ne makaɗin karkara.

2.0 Yadda Mawaƙi ke Cin Abinci Kafin Zuwan Waya

Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo da waƙar yabo a ƙasar Hausa musaya ce tsakanin mai murya da mai abin hannu. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo yana da ubangida wanda ke ɗauke da ci da sha da suturarsa. Makaɗin jama'a irin Mamman Shata yana samu ne a fili, ta hanyar kyauta da liƙi. A duka biyun ladan waƙa yana zuwa hannu da hannu, a gaban shaidu, kuma sunan da aka ambata cikin waƙa shi ne takardar ciniki.

Rediyo da kaset su ne suka fara ɓaraka. Murya ta sami damar zuwa inda mai ita bai je ba, masu kwafar kaset suka ci riba, mawaƙi ya tashi da suna. Duk da haka kaset yana ɗauke da waƙa sukutum: jagora da ƴan amshinsa, ɗiyan waƙa bi da bi, sunan wanda aka wasa, sau da yawa har da sunan mawaƙin a bakinsa.

Bayan kaset sai katin memori da masu turi a rumfunan cajin waya. A nan jihar Tawa tana da misali nata. A 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita Abzinawa ɗan wannan jiha, ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Kano. Waƙoƙin suka bi wayoyi har arewacin Mali, ba tare da an sayar da faifai ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi, ya bi sawun masu su, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan kuɗi suka fara komawa ga mawaƙan. Darasin a fili yake: yaɗuwa daban, samu daban, kuma abin da ke haɗa su shi ne a san mai waƙa da inda yake.

3.0 Abin da Gajeren Bidiyo Ya Yi wa Jikin Waƙa

Kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya haɗe TikTok da Musical.ly a 2018, kuma tsawon bidiyon da aka fara da shi daƙiƙa 15 ne. Ko da yake an ƙara tsawon daga baya, ɗabi'ar ta riga ta zauna: abin da ake so shi ne guntun da za a taka rawa da shi, ko a motsa leɓe, a wuce.

Idan muka bi hanyar nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), waƙa tana da gindi, tana da ɗiya, kuma a cikin ɗiyan ne mawaƙi ke warware turkensa, ya kawo tarihi da nasaba da zambo da habaici. Gindi shi ne turken da ake komawa a huta kafin jagora ya sake ɗauka. Gajeren bidiyo gindin kawai yake ɗauka, ko wani layi guda mai daɗin rawa, ya watsar da saura.

Wani zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun can amshin Shata ne ke bakin yara da matan gida, ba ɗiyan waƙar ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a da wanda ya riƙe amshi ya san akwai jagora, kuma idan waƙar ta zo a rediyo zai saurare ta har ƙarshe. Yau ana iya yin bidiyo dubbai da guntun waƙa, a Bazaga ko Malbaza ko Illela, ba tare da mai rawar ya taɓa jin farkonta ba. Haka kuma akan ƙara wa waƙar sauri har muryar dattijo ta koma ta yaro, ko a ɗora ta bisa wani kiɗa. A irin wannan hali hatta kunnen da ya san mawaƙin yana iya kasa gane shi.

Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta fito a 2020, ta nuna ƙarfin wannan hanya. A lokacin kullen cutar korona matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawa da ita, bidiyoyin suka cika wayoyi, malamai da marubuta suka yi ta muhawara a kan dacewar hakan. Abin lura shi ne muhawarar duk ta tsaya ga tarbiyya. Tambayar nawa mawaƙin ya samu daga wannan yaɗuwa, da wanda ya tsara masa kiɗan, ba ta sami wurin zama ba.

Akwai kuma illa ga masu tasowa. Mawaƙin da ya san guntu kawai za a ɗauka yakan zuba duk fasaharsa a layi biyu, sauran waƙar ya cika ta da abin da ya samu. Ba mu ce babu gwaninta a iya ƙulla gajeren amshi ba. Karin magana ma gajere ne. Amma adabin da ya haifi dogayen waƙoƙin Narambaɗa zai yi asara idan ma'aunin waƙa ya koma daƙiƙa 15.

4.0 Ina Kuɗin Suke Tafiya?

Manhajar ba ta biyan mawaƙi kai tsaye don an yi rawa da waƙarsa. Tana ƙulla yarjejeniya ne da manyan kamfanonin waƙa da dillalan da ke ɗora waƙoƙi a intanet, ta biya su, su kuma su raba wa waɗanda ke cikin rajistarsu. Ke nan kafin ko dala ta iso ga mawaƙi sai ya wuce ƙofa uku: a ɗora waƙarsa ta hannun dillali da sunansa, na'urar kamfanin ta gane sautin a duk bidiyon da aka sa shi, sannan ya mallaki asusun da za a iya turo masa kuɗi daga waje.

Ko manyan ma kuka suke. A ƙarshen Janairun 2024 kamfanin Universal Music, wanda ya fi kowane girma a duniya, ya bayyana cewa abin da yake samu daga TikTok bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba, ya janye waƙoƙinsa, bai mayar ba sai a watan Mayu bayan sabuwar yarjejeniya. In giwa ta koka da ƙaya, ina ga zomo?

Misalai biyu daga Najeriya za su fayyace bambancin. Love Nwantiti ta CKay ta fito a 2019, ta yi tashe a TikTok a 2021, ta shiga jerin Billboard na Amurka. Da yake akwai kamfani a bayansa, masu rawa sun zama masu saurare a manhajojin da ke biya. Shi kuwa Mike Ejeagha na Inugu, waƙarsa ta 1983 ce ta farfaɗo a 2024 sanadiyyar rawar wani ɗan barkwanci, lokacin da ya haura shekara 90. Abin da ya fi fitowa fili a lamarinsa shi ne ziyara da kyaututtuka, kuma ya rasu a 2025. Wato ko a nan tsohuwar hanya ce ta kyauta ta yi aiki, sai dai ta zo a makare.

To, mu dawo Bazaga. Makaɗin kalangu ko gurmi ko goge da ke wasa a bikin aure ko filin kokawa ba shi da ko ɗaya daga ƙofofin nan uku. Yaro ne zai ɗauke shi da waya, ya ɗora, manhajar ta rubuta sautin da sunan yaron a matsayin nasa na asali. Idan guntun ya karɓu, mabiya na yaron ne. Mafi muni, babu abin da zai hana wani mai wayo a birni ya ɗora wa sautin kiɗan kwamfuta, ya yi rajistarsa da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare manhajar suna cewa talla ce kyauta: wanda ya yi tashe za a gayyace shi biki da taron siyasa, a yi masa liƙi. Haka ne, kuma mawaƙa da yawa da wannan suke rayuwa. Amma tallar tana amfanar mai ƙarfin tafiya ne kawai. Tsoho da ya ajiye kiɗa, da magadan wanda ya rasu, da ƴan amshi da makaɗan da ba a ganin fuskarsu, ba su da rabo a ciki. Sannan tana mayar da mawaƙi ƙarƙashin mai kuɗi da ɗan siyasa, alhali amfanin haƙƙin mallaka shi ne mai fasaha ya ci guminsa ba sai ya wasa kowa ba.

5.0 Doka da Iyaka

Ba a rasa doka ba. Nijar ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1993, ta sabunta ta a 2010 da dokar da ta haɗa har da kare al'adun gargajiya, kuma akwai hukumar BNDA a Yamai mai karɓar kuɗi a madadin masu fasaha. Najeriya ma ta sa hannu a sabuwar dokarta a 2023. Matsalar ita ce tsarin karɓar kuɗin an gina shi ne bisa wuraren da ake iya zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa: gidan rediyo, gidan rawa, shagon kaset. Waƙar da aka yi a Kano, aka taka a Ƙonni, aka adana a na'urar kamfanin da ba shi da ofis a ɗayan garuruwan biyu, wa za a kai wa takardar biya? An rufe iyakar Ƙonni da Illela a 2019, an sake rufe ta a 2023. Kaya sun tsaya, waƙa ba ta tsaya ba. Hukumomin ƙasashen biyu kuwa kowace ikonta a bakin iyakar yake ƙarewa.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa gajeren bidiyo ya yanke waƙa daga ɗiyanta, ya kuma yanke ta daga sunan mai ita, kuma yankan na biyu shi ne ke hana kuɗi komawa gida. Ba mu ga amfanin kiran a hana manhajar ba, don ba ta hanuwa. Abin da ke hannunmu shi ne aikin da misalin Mdou Moctar ya nuna: a san mai waƙa. Ɗalibanmu da ke zuwa ƙauyuka neman abin rubuta kundi suna ɗaukar makaɗa, su dawo da kaset ko waya cike, makaɗin bai san inda muryarsa ta kwana ba. Ya kamata sashenmu ya wajabta rubuta sunan jagora da ƴan amshi da gari da rana a kan duk abin da aka ɗauka, a bar wa makaɗin kwafinsa, a kuma nuna masa hanyar rajista da BNDA. Haka nan muryoyin da ke ajiye a gidan rediyon ƙasa da cibiyoyin IRSH da CELHTO suna bukatar a tantance masu su da magadansu tun kafin wani ya riga su. Ƙasar da ta raɗa wa gasar kiɗanta sunan Ɗan Gurmu ta san darajar ambaton makaɗi. Saura a ambaci waɗanda suke raye.