Gwanin kiwon jatan lande da dagulallen ruwa

Akwai wani ɗan jatan lande ja wur, tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba, wanda ake kiwo a akwatin gilashi don ado kawai. Asalinsa daga ƙoramun Taiwan da gabashin China yake, masana kuma suna kiransa Neocaridina davidi. Yana da ɗan uwa mai cin gansakuka wanda ake kira da sunan Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan Japan da ya rasu a 2015, domin shi ya yaɗa kiwonsa. Duk duniyar waɗannan halittu ba ta wuce lita 20 ko 30 na ruwa ba. To, ranar da mai kiwo ya wayi gari ya tarar ruwan ya dagule, har ba ya hango tsirran da ke can baya, ranar ake gane ko ya san sana'arsa.

Gwani ba ya fara da taɓa komai. Yana ɗibar ruwan a kofin gilashi, ya sa farar takarda a bayansa, ya dubi launi. Daga nan ya ajiye kofin ya kwana. Idan da safe laka ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau, ƙurar yashin da ba a wanke da kyau ba ce, kuma ɗan auduga a cikin matatar ruwan akwatin zai kwashe ta. Idan ruwan ya yi kalar shayi amma ana gani ta cikinsa, ruwan busasshen itace ne ko ganyen da aka sa, ba ya cutarwa, jatan landen ma suna sonsa. Waɗannan biyu ba su kai a ɓata dare a kansu ba.

Wanda ke buƙatar ilimi shi ne fari, mai kama da an ɗiga madara. Wannan ba ya kwantawa ko ya kwana uku a kofi, domin rai ne da shi. Ƙwayoyin bakteriya ne miliyoyi suke yawo a ruwan, suna cin ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye. Irinsu kan ninka yawansu cikin ƙasa da awa guda. Akwai kuma wasu bakteriyar masu amfani, waɗanda ke manne a jikin soson matata da duwatsu. Aikinsu shi ne su juya amoniya, gubar da ke fita daga kashi da ruɓa, ta koma naitirait, sannan ta koma naitiret wanda ba shi da kaifi sosai. Su kam masu nawa ne, sukan ɗauki sa'o'i da yawa kafin su ninka. Shi ya sa sabon akwati ke buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya zaunu, shi ya sa kuma sabo ya fi yawan yin fari.

Saboda haka gwani yana ɗauko 'yar kwalbar gwaji, ya zuba ruwa mililita 5, ya ɗiga sinadari yana ƙirgawa, ya girgiza, ya jira, ya gwada launin da takardar launuka. Amoniya da naitirait dole su nuna sifiri. Idan haka ne, farin ba abin tsoro ba ne, yawanci yakan washe da kansa cikin 'yan kwanaki ko mako biyu.

Amma jiran nasa ba na naɗe hannu ba ne. Da farko yana tsayar da abinci kwana biyu ko uku, ba ya kuma jin tausayin da zai sa ya karya dokar, don ya san jatan lande na wuni suna tsintar santsin da ke jikin ganye da gilashi. Sai ya bi lungu-lungu da ido yana neman mushe. A nan akwai wata dabara mai ban sha'awa. Jatan lande yana saɓa kamar maciji, kuma ɓawon da ya tuɓe yana kama da gawa. Ɓawo fari ne, wofi, ana gani ta cikinsa. Mushe kuwa a cike yake, launinsa ya dushe zuwa ruwan hoda. Gwani yana cire mushen, ya bar ɓawon, domin 'yan uwansa za su cinye shi su samu sinadarin gina sabon ɓawo. Bayan haka ya ƙara ƙarfin famfon iska, saboda bakteriyar da suka kawo farin suna shanye iskar da ke cikin ruwa, ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska da yawa. Idan ka ga jatan lande sun taru a sama kusa da bakin ruwa, numfashi suke nema.

Canjin ruwan ma kashi 10 cikin 100 kawai yake yi. Da siririn tiyo yake zuƙo dattin ƙasa zuwa farin bokiti, kuma ba ya zubarwa sai ya leƙa da tocila, don jariran ba su wuce milimita biyu ba, sau da yawa tiyo kan haɗa da su. Sabon ruwan an cire masa kulorin, ɗuminsa daidai da na akwatin. Yana ɗaure tiyon ƙulli sako-sako, ruwan ya riƙa shiga ɗigo-ɗigo har tsawon awa guda ko fiye. Dalili shi ne canji na farat ɗaya yana tilasta wa jatan lande saɓa ba lokacinsa ba, wasu su maƙale a ɓawon su mutu. Soson matata kuwa a cikin tsohon ruwan bokitin nan yake matsa shi, sau biyu ko uku, ba a ƙarƙashin famfo ba, don kulorin zai kashe bakteriyar da aka yi makonni ana jira.

Mai son a gama yau-yau yakan kwashe ruwan duka, ya cuɗe gilashi da soso, ya cika da na famfo. Ranar farko tas, rana ta uku fari ya dawo, ga gawarwaki. Wani kuma ya tuna da alif ɗin da ake jefawa a randa, ko ya zuba maganin kifi bai karanta jikin kwalbar ba, alhali wasu magungunan na ɗauke da jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe jatan lande.

Saura koren ruwa. Wannan ƙananan gansakuka ne masu yawo, hasken da ya yi yawa ne ya haife su, musamman idan akwatin na kusa da taga. Ba sa cutar da jatan lande, ido kawai suke ɓata wa. Ana lulluɓe akwatin da bargo kwana uku ko huɗu, famfon iska na aiki, sannan a rage fitila zuwa awa 6 zuwa 8 a rana. Wanda ya bar akwatinsa a bakin taga kuwa, ya sa rai koren zai dawo.