Gwanayen da Ke Kiwon Hazo a Cikin Injin Tururi

A tashar wutar lantarki ta Egbin da ke kusa da Ikorodu a jihar Legas akwai injinan tururi guda shida, kowanne an gina shi don ya ba da megawat 220. A baki aikin ba wuya: a ƙona iskar gas, a tafasa ruwa, tururi ya fito da zafi da matsi ya bugi farfela, ita kuma ta juya janareta. Amma can ƙarshen injin, inda tururin ya gama ba da ƙarfinsa ya fara hucewa, akwai wani wuri da ya shafe fiye da shekara ɗari yana hana injiniyoyi barci. Nan ne tururi ke komawa ruwa alhali yana gudu kamar sauti ko fiye. Mutanen da suka laƙanci wannan wuri, a ganina, suna cikin gwanayen da duniya ba ta yaba musu yadda ya kamata ba.

Dubi bakin butar shayi idan ta tafasa. Dab da bakin akwai ɗan fili da ba a ganin komai, sai gaba kaɗan farin hayaƙi ya bayyana. Wancan filin shi ne tururi na gaskiya, farin kuwa ɗige-ɗigen ruwa ne. A cikin injin ma akwai irin wannan tazarar, sai dai dalilinta ya fi zurfi. Tururi idan ya ratsa matsattsiyar hanya ya buɗe, zafinsa kan koma gudu, sai ya yi sanyi nan take. Bisa lissafin littafi, da zarar ya kai wani mataki na sanyi ya kamata ruwa ya fito. Ba ya fitowa. Yakan zarce da digiri talatin ko fiye ƙasa da matakin, yana nan a bushe.

Dalili shi ne ɗigo ba ya samuwa haka kawai. A sararin sama ƙura ce ke ba raɓa da gajimare abin kamawa, tururin injin kuwa an tace ruwansa tas, ga shi lokacin da yake da shi bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Dole ƙwayoyin ruwan su haɗu da junansu, kuma duk tarin da bai kai wani girma ba yakan watse tun bai zauna ba. Sai sanyi ya yi tsanani sannan tarin 'yan ƙwayoyi kaɗan ke iya tsayawa, kuma a lokacin abin kan ɓarke gaba ɗaya: hazo ya cika hanya, kowane ɗigo bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Charles Wilson, ɗan Sikotilan, shi ya nuna wannan jinkiri a Kambirij a shekarun 1890, inda ya ga iska mai danshi marar ƙura ba ta yin hazo mai kauri sai an buɗa ta kusan ninki 1.38. Har yau iyakar da hazo ke ɓarkewa a injin tururi sunansa take ɗauke da shi.

Ɓarkewar ba ta zuwa hannu rabbana. Duk ruwan da ya fito yakan saki zafin da ya sha lokacin tafasa, kuma zafi idan ya shiga iskar da ta fi sauti gudu, rage mata gudu yake yi, matsi ya yi tsalle. Ludwig Prandtl ya nuna hoton irin wannan tsalle a wani taro a birnin Rum a 1935, a cikin bututun gwajin iska, kuma sai a 1942 Klaus Oswatitsch ya warware lissafinsa. Tun kafin nan Karl Baumann ya bar wa masu ƙera injin wata ƙa'ida da har yau suke aiki da ita: duk kashi ɗaya cikin ɗari na jiƙewar tururi yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ingancin wannan sashe na injin.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne batun girman ɗigo. Hazo mai laushi ba shi da ɓarna sosai, bin tururi yake ya wuce. Amma kaɗan daga cikinsa kan manne a jikin fika-fikan injin da ke tsaye, ya taru ya zama siririn ruwa mai rarrafe, ya gangara zuwa gefen baya, sannan tururi ya fizge shi a matsayin manyan ɗige-ɗige masu nauyi da nawa. Su kuwa fika-fikan da ke juyawa, sau 3,000 a minti, tsawon na ƙarshe ya kai mita guda a manyan injina, bakinsu na tafiyar sama da mita 500 a sakan. A wannan gudun, idan suka yi karo da ɗige-ɗigen, ruwa cin ƙarfe yake yi. Idan aka buɗe injin don gyara, gwani kan bi gefen gaba na kowane fiffike da fitila da yatsa. Zai ji kaushi, ya ga ƙananan ramuka sun yi cincirindo kusa da baki, daga nan ya gane ta ina ruwan ke zuwa da kuma ko fiffiken zai kai wani zagayen gyara.

Maganin ma ba guda ba ne. Ana mayar da tururi tukunya a sake ɗumama shi a tsakiyar tafiya don ya isa ƙarshe da sauran bushewa, ana kuma ƙoƙarin kada jiƙewarsa a mafita ta wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ana yin fika-fikan tsaye da rami a ciki da 'yan tsage a jiki, su tsotse ruwan tun bai kai gefe ba. Ana lulluɓe gefen masu juyawa da Stellite, wani ƙarfe mai tauri da ake haɗawa da kobalt. Girman ɗigon kuwa da haske ake aunawa: a zura sanda mai fitila cikin injin yana aiki, a duba yadda hazon ke rage hasken launuka daban-daban. György Gyarmathy ne ya tattara ilimin nan wuri guda a Zurik a 1962, ya nuna cewa saurin buɗewar tururi ne ke yanke girman ɗigo. Ke nan mai zana lanƙwasar fiffike yana da ta cewa kan irin hazon da za a haifa a ciki.

Ɗalibanmu na injiniyanci da ke karanta darasin zafi da tururi, kada ku tsallake babin jiƙaƙƙen tururi don ya zo a ƙarshen littafi. Tashoshin da ke ba mu wuta suna bukatar masu iya karanta gefen fiffike.