Ina Yaron Kanti A Cikin Littattafanmu?

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaranmu zai lura cewa Alhaji mai dukiya ba ya ɓata a cikinsu. Za a faɗa mana launin motarsa da yawan ɗakunan gidansa, har da irin shaddar da ya sa. To amma wa ke buɗe masa kanti da safe, ya sauke dila, ya auna yadi, ya yini a tsaye har la'asar sakaliya? Wannan bawan Allah ba shi da suna a littattafanmu. In ma ya fito, to an aike shi ne ya kai wa budurwa wasiƙa.

A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, har gobara ta cinye masa shago, amma idon marubuciyar yana kan Rabi da 'ya'yanta a gida. Haka nan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya dubi talauci da arziki ta fuskar soyayya. Kowannensu ya cika abin da ya sa gaba. Giɓin da nake nunawa namu ne, mu da muka biyo baya muka kasa buɗe sabuwar ƙofa.

Ga shi kuwa labari ya zo mana har gida. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo Nijeriya a 2005, ya buɗe reshe a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano a 2014. A 2020 shugabanninsa suka sanar da cewa za su janye daga ƙasar, bayan faɗuwar darajar naira ta rage musu riba. A 2021 suka sayar wa kamfanin Ketron na 'yan Nijeriya, ma'aikata kuwa suka yi zanga-zanga suna neman a biya su haƙƙinsu kafin a miƙa su ga sabon ubangida. A watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano.

Abin da ya kamata marubuci ya kula da shi a nan shi ne bambancin iyayen gida biyu. A Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, yaro ya san maigidansa ido da ido. In matarsa ta haihu zai iya zuwa zaure ya faɗa, kuma yana sa ran wata rana a sallame shi da jari. Ko da Alhajin ya ci amana, akwai dattawan kasuwa da za a kai wa ƙara. Amma ma'aikacin babban kamfani, masu hannun jari ne iyayen gidansa, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Su ake fara farantawa, shi kuwa albashinsa yana cikin layin kuɗin da ake neman ragewa. Wannan takaici na wanda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, shi ne alƙalaminmu bai taɓa ba tukuna.

Ba sai mun je nesa neman taurari ba. A nan Ungogo, daga Bachirawa zuwa Rijiyar Zaki da Fanisau, gonakin gado suna ta komawa filayen gini, samari kuma suna sammakon shiga birni tsaron kanti. Matashin da aka sayar da gonar ubansa, sannan aka rufe kantin da yake aiki, ina zai koma?

Shawarata ga sababbin marubuta ita ce, kada ku mai da manaja mugu mai jan ido don labari ya yi armashi, domin shi ma yaron wani ne, umarni ake aiko masa. Ku zauna da masu aikin, ku ji nawa suke biya kuɗin mota, da yadda ake cire musu kuɗi in lissafi bai cika ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ba yaron kanti suna da gida da buri, ku bar shi ya faɗi nasa da bakinsa.