Furannin bakin hanya da idon mai hoto a ƙasar Gangara

Duk wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Agiye ya nufi Gazawa a watan Yuni, bayan ruwa na biyu ko na uku ya sauka, zai ga gefen kwalta ya sake kama. Tsidau ya shimfiɗu a kan yashi da ƴan furanninsa rawaya masu kunne biyar, tafasa ta tsattsago, gasaya da yoɗo suna biye, albasar kwaɗi kuma ta riga kowa fitar da farin fure a wuraren da ruwa ke kwanciya. Haka abin yake a kan hanyoyin amalanke da ke shiga ƙauyukan Gangara, ƙaramar hukumar da ta koma gundumar Gazawa lokacin da aka yanke ta daga Agiye a 2011. Amma in aka juya ga hotunan da aka ɗauka na wannan yanki, waɗanda duniya ta san shi da su, da wuya a tarar da ko ɗaya daga cikin waɗannan tsirrai.

Hoton da ya fi yawo shi ne na yunwa. A damunar 2005 gidajen talabijin da jaridun Turai suka cika da hotunan yara ramammu a cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi. Babu mai musun cewa wahalar ta auku, kuma hotunan sun taimaka wajen zaburar da masu agaji. Sai dai sun zo da wani lahani. An riƙa nuna mata suna tsinkar ganye a daji a matsayin shaidar cewa komai ya ƙare. Gaskiya ne cewa dogaro da anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita, alama ce ta matsi. To amma tafasa fa? Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli abinci ne da ake ci a shekarar ƙoshi da ta yunwa, haka miyar yoɗo da ta lalo. Mai hoton da bai san bambancin anza da tafasa ba ya haɗa su duka a ƙarƙashin kalma ɗaya, wato ganye, ya mai da ilimin mata abin tausayi.

Daga baya aka samu wani hoton da ya zo gyara na farko, shi kuwa daga sama aka ɗauke shi. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan jirgin sama na ƙauyen Galma, a jihar Tawa, na 1975 da na 2003, aka ga itatuwa sun ninka a gonakin da a da suke fayau. Da shi da Chris Reij da masu binciken Nijar suka ƙiyasta cewa manoma sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon kututture ya girma, dabarar da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983 ake kuma kiranta sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a wannan fage. Waɗannan hotuna sun cancanci yabo, domin gani ya kori ji, kuma sun rufe bakin masu cewa hamada kawai ke tafiya. Amma idon jirgin sama yana da iyaka. Yana ƙirga gawo da kalgo da sabara a matsayin ɗige-ɗige baƙaƙe, abin da bai kai gwiwa ba kuwa duk kore ɗaya ne a wurinsa. Ba ya iya bambanta burtalin da ke cike da gadagi da kyasuwa, abincin dabbobi, da wanda garmani ya mamaye.

A nan ne maganar take da nauyi. Garmani, wanda masana ke kira Sida cordifolia, yana da fure rawaya mai ban sha'awa, kuma a hoton da aka ɗauka daga tagar mota sai a ce albarkar damina ce. Makiyayin jihar Maraɗi ya san akasin haka: tsiro ne da dabbobi ba su damu da shi ba, yana yin cunkus a burtali da makiyaya ya danne ciyawar kirki. Hoton da ya nuna kore kawai, bai nuna ko wane kore ba ne, ya yi ƙarya ko da bai canza komai ba. Haka nan ƙuduji, wanda furensa mai ruwan hoda ya fi na kowa kyau a gonar gero can ƙarshen damina, alhali saiwarsa tana manne da ta hatsi tana tsotse shi. Kyan fure da amfanin tsiro ba dole ne su zo tare ba, kuma mai hoton da bai tambayi manomi ba zai yi ta yabon ɓarawo.

Littattafan masana sun fi kusantowa ƙasa, ko da yake su ma kowanne da inda ya tsaya. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, Peyre de Fabrègues ya yi irin wannan aiki kan harsunan Nijar a ƙarshen shekarun 1970, amma jerin sunaye ne, wanda bai riga ya san tsiron ba ba zai gane shi daga shafi ba. Littafin Michel Arbonnier na 2000 ya kawo hotuna masu kyau na ɓawo da ganye da fure da ƴaƴa, har ya zama abokin tafiyar malaman gandun daji, sai dai itatuwa da ƙananan bishiyoyi da masu yaɗo ya ɗauka. Ƙananan tsirran kuwa sun fi samun hoto a littattafan yaƙi da ciyawar gona, kamar na Akobundu da Agyakwa da aka buga a Ibadan a 1987. Wato ke nan tsiro kamar gasaya ko balasa ya fi saurin shiga littafi a matsayin abokin gaba da za a nome. Taskar hotunan tsirran Afirka ta Yamma da cibiyar Senckenberg ta Frankfurt ta buɗe a intanet a 2008 ta rage wannan giɓi sosai, tunda ana iya neman tsiro ta launin furensa ko siffar ganyensa. Amma da harsunan Turai take magana, kuma sunan Latin ne ginshiƙinta.

Yanzu da wayar hannu mai kyamara ta shiga aljihun matasa da malaman makaranta, hotunan damina sun yawaita a Facebook da WhatsApp. Mafi yawansu iri ɗaya ne: gona kore shar, hadari a sama, mai hoton a tsaye a tsakiya. Ba laifi ba ne, murna ce ta wanda ya sha zafin bazara. Sai dai an ɗauke su ne daga tsayin mutum, da tsakar rana, tsiron kuma ya zama shimfiɗa kawai. Furen tsidau bai fi girman farce ba, kuma balasa tana buɗe shuɗin furenta da safe ne, kafin azahar ya yanƙwane. Wanda ke son su sai ya yi sammako, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa yashi, ya jure sukar ƙaya, ya bar rana a gefensa maimakon a gabansa. Hoto ɗaya kuma bai isa ba. Tafasa da rai-ɗore duk furensu rawaya ne, ganye da kwanso ne ke raba su, don haka sai an ɗauki furen, an ɗauki ganyen, an koma bayan makonni an ɗauki ƴaƴan, sannan a ja da baya a nuna wurin da tsiron ya fito, ko bakin kwalta ne, ko tsohon makwancin shanu, ko gindin gawo da ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damina.

Abin da ya fi ƙaranci a duk waɗannan hotuna shi ne rubutun da ke ƙarƙashinsu. Sunan tsiro yakan canza tsakanin Gobir da Katsina, wani lokaci tsakanin kasuwa da kasuwa, kuma Bafillace yana da nasa dabam. Malamin da zai fita da ɗalibansa a farkon damina zai iya sa su rubuta rana da sunan ƙauye da sunan da tsohuwa mai tsinkar ganye ta faɗa, da abin da ta ce ana yi da shi, da ko ya ƙaru ko ya ragu tun tana yarinya. Ƙungiyoyin raya al'adu da ke adana waƙoƙi da tatsuniyoyi suna da wurin ajiye irin wannan kundi. In aka maimaita ɗaukar gefen burtali guda a Gangara kowane watan Yuli har shekara goma, za a ga da ido ko gadagi ne ke dawowa ko garmani ne ke ci gaba.